Ranar da Gafiya Ta Amsa Gaisuwa

A Dajin Marke kowa ya san aikinsa. Zaki na riƙe da mulki, Kura na riƙe da tsaro, talakawa na riƙe da bakinsu. Ana nan sai Tautau, attajirin gizo-gizo, ya zo da kamfaninsa ya saƙa yana daga bishiya zuwa bishiya, daga rami zuwa rami. Kana taɓa zaren ƙofarka, saƙonka ya isa ƙarshen daji. Ya ce kyauta ne. Abin da yake roƙo kawai, in ya gaishe ka ka amsa.

To wa zai ƙi amsa gaisuwa? Gafiya Azumi ma ba ta ƙi ba. Sai dai gaisuwar Tautau ba ta tsayawa inda ta kowa ke tsayawa. "Ina kwana? Ina yara? Su nawa yanzu? Maigida fa, ta ina yake fita?" Azumi, da yake an daɗe ba wanda ya damu da kwananta, ta saki baki. Har ƙofar tsira ta faɗa, wadda kowace gafiya ke haƙawa a bayan rami, ba ta nuna wa ko uwar da ta haife ta.

Rannan mijinta Nomau ya yi kuskuren tambayar inda 'ya'yan zomaye ke ɓacewa. Da Kura ta zo nemansa ba ta wahalar da kanta da ƙofar gaba ba, a bakin ƙofar tsira ta tsuguna. Azumi na cikin ciyawa tana gani, kuma ta ga farin zare maƙale a kunnen Kura. Ta kwashe 'ya'yanta ta haƙa sabon rami, ta hana kanta taɓa yana. Baƙin cikin mijin bai ci ta kamar sanin cewa bakinta ne ya nuna hanya ba.

Ba a jima ba Kura da Tautau suka saɓa a kan wanda ya cancanci riƙe sirrin dabbobi, Zaki ya tara majalisa.

Kura ta faɗi gaisuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, sirrin talaka amanar sarauta ce. Yaya ɗan kasuwa zai san ramin kowa, mu masu gadi muna lalube? A miƙo mana. Mai gaskiya ba ya tsoron a san ƙofarsa."

Tautau ya sauko a zarensa cikin ladabi. "Allah ya ja zamanin Sarki. Ni ba ni da farce, ba ni da kurkuku. Duk abin da na sani, da bakinsu suka ba ni. A bar shi wurin wanda suka yarda da shi."

Zaki ya yi hamma ya yanke hukunci: kowace dabba ta zaɓi wanda za ta faɗa wa raminta, tun da daji ne na 'yanci. Aka fara da Azumi, don ita ce ta ɓace wa su duka biyun.

Ta fito ta tsaya gaban Sarki. "Ranka ya daɗe, an ce in zaɓa tsakanin haƙori da ɗan jagoransa. Wadda ta ci mijina da farce ta zo, wanda ya nuna masa hanya da sallama ya zo. Rigimar nan da kuke ji, ta mahauta ce a kan fata. Akuya ba ta da rabo a ciki."

Tautau ya matso yana murmushi. "Haba 'yar'uwa, ai ba a fushi da gaisuwa. Ina yara?"

"Lafiya lau."

"Ina kuka koma?"

"Lafiya lau."

Kura ta danne mata wutsiya. "Ke! Hukuma ce ke tambaya. Ina 'ya'yanki?"

"Lafiya lau, ranki ya daɗe."

Nan fa aka rasa laifin da za a ɗora mata, don ba ta ƙi amsawa ba. Amsar da iyaye suka koyar ta bayar, wadda mai zazzaɓi ke bayarwa, mai makoki ma ita yake bayarwa. Kura ta juya ga Bushiya, Bushiya ta ce lafiya lau. Kurege ya ce lafiya lau. Uwar zomaye, wadda ba ta ƙara magana ba tun da aka ɗauke ƙaramin ɗanta, ta miƙe ta faɗa da ƙarfi. Zarurrukan Tautau suka ɗauki rawa daga ko'ina, duka da kalma ɗaya, shi kuwa ya rasa wadda zai sayar.

Da ba a sami laifi ba, sai aka ƙirƙiro: an kama Azumi da yi wa hukuma ladabi da gangan. Kura ta ja ta zuwa kurkuku, Tautau na bin su ta sama da idanunsa duka, ko za ta waiwayi wani gefe.

Hanyar ta bi ta kan sabon ramin. Azumi ta ji motsin 'ya'yanta a ƙarƙashin tafin ƙafarta. Ba ta ko kalli ƙasa ba.