Ranar da saniya ta tsare ni a kan mangwaro

Ba zan taɓa mantawa da dawowata ta farko gida ba, bayan wani kulob na birni ya ɗauke ni ɗan wasan tsakiya. Na sauka ƙauyenmu na Doguwa da jaka a kafaɗa, ina tafiya ɗaiɗai kamar ƙasa za ta ɓata mini takalmi. Shekara takwas ke nan da yin abin, amma har yau in na tuna sai na rufe fuska.

Abin da ke cina shi ne Baba. Manomi ne, ya kuma yi kiwo da ƙuruciya, bai taɓa kallon wasana ba ko sau ɗaya. In aka ce masa ɗansa ya zama ƙwararre sai ya ce, "Ƙato da gemu yana bin roba da gudu, wannan ma sana'a ce?" Da samari suka haɗa wasa don karrama ni, sai da na bi ta wajen Inna kafin ya yarda zai zo. Ya zo kuwa, ya shimfiɗa buzunsa a bakin fili, fuskar nan babu yabo babu fallasa.

Kafin a take wasa na tara 'yan wasanmu na yi musu huɗuba (ba wanda ya tambaye ni, ka sani). Na ce ɗan tsakiya ba ya kallon ƙafarsa, kai a sama yake, har a ƙeya yana da ido.

To, filinmu a bakin burtali yake, hanyar da shanu ke bi in sun dawo daga wajen Falgore. Tun muna yara doka ɗaya ce: in garke ya shigo, kowa ya tsaya inda yake har su wuce. Wata shida kacal a birni, na manta.

Ƙwallo ta zo ƙafata, na sunkuyar da kai, Baba kawai nake tunani. Na yanke na farko, bai ko motsa ba. Na yanke na biyu, shi ma ƙyam. Na ce a raina, kwarjini ke nan. Ihu ya cika fili, "Kai! Kai! Tsaya!" ni kuwa na ɗauka kirari ne. Da na ɗaga kai don in zaɓi kusurwar da zan buga, gola ba ya raga. Wata jar saniya ce a gabana, ɗan maraƙinta kuma yana bayana.

Ban san ina da irin wannan gudun ba. Takalmi ɗaya ya fita, ban waiwaya ba, sai ga ni a kan mangwaron da ke bayan raga, saniya a ƙasa tana huci. Mutane har da masu faɗuwa don dariya. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar ma saniya ta tsare ta.

Baba ne ya taso a hankali, ya yi mata wata 'yar tsawa da Fulatanci, ta juya abinta. Ya ɗauko takalmin ya kakkaɓe, ya ɗago kai.

"Sauko, mai ido a ƙeya."

Na sauko, idona ya ciko. Na ce shi ke nan, na gama yawo a wurinsa. Muka tafi gida, sai a ƙofar zaure ya miƙo mini takalmin.

"Na yi kiwo shekara ashirin, ban ga wanda ya tsere wa mai jego ba sai kai. In gudun nan suke biya, ba su yi asara ba. Yaushe ne wasanku na gaba?"

Tun daga ranar bai bar rediyo ba in muna wasa. Koci uku suka koya mini ɗaga kai ban ji ba, saniya ta koya mini a yini guda. Har yau kuma duk sanda zan shiga fili sai Baba ya bugo waya, addu'a tukuna, sannan ya ce, "Ka duba burtali."