Takalmin Ƙanƙara a Zauren Malam

Ko da zan manta da komai a duniyar nan, ban da ranar da na je gaida mahaifin Luba a Bukkuyum. Har yau idan na tuna sai na ji yatsun ƙafata suna zugi.

Lokacin sabon ɗauka ne ni a sakatariyar ƙaramar hukuma a Anka, wayar hannu ba ta ma iso mana ba, kaina kuwa sai hayaƙi yake yi. Luba ta faɗa mini gaskiya tun farko: ita ta yarda da ni, amma Malam ba ya ba da ɗiyarsa sai ya zauna da mutum ya ƙare masa kallo. Akwai wanda ya riga ni zuwa, aka sallame shi don kawai ya miƙa wa Malam hannu daga tsaye. To ka ji irin gidan. Da mai hankali ne, da farin yadi zai nema da hula ya tafi abinsa. Ni kuwa na ce sai na shiga da abin da ba a taɓa gani ba a garin.

Ranar kasuwar Gummi na ci karo da shi, wani takalmi ne, a rumfar Alu mai gwanjo. Ja wur, sai ƙyalli yake yi, ya kai rabin ƙauri, da maɓallan ƙarfe jere a gefe.

"Wanga ba na yawo ba ne," in ji Alu. "Na masu zamiya bisa ƙanƙara ne, can ƙasar Turawa."

Ya jawo wasu katakai biyu dogaye daga bayan dila, waɗanda ake ɗaurawa a ƙasan takalmin, bakinsu a lanƙwashe gaba da baya. Wai sabon yayi ke nan. Na da gaba kaɗai ke lanƙwasa, wannan kuwa an yi shi ne don samari su yi tsalle su juya a sama su sauka da baya. Wai wanda ya kawo masa kayan daga Kwatano ya ce masu fitowa baɗi ma sun fi faɗi, na masu barin hanya su faɗa jeji cikin ƙanƙara mai taushi. (Alu bai taɓa wuce Gusau ba, amma in yana bayani ka rantse a can aka yanke masa cibiya.)

"Katakon aikin Ostiriya ne, ga safar hannu ta Sin, takalmin kuwa…" Ya juyo mini da ƙasansa. Italiya.

Jama'a, daga nan ban sake jin komai ba. A lokacin, in aka ce takalminka ɗan Italiya ne, ka gama magana a Anka. Shugaban sashenmu ma ɗan Aba yake sawa yana rantsuwa na Italiya ne. Ga ni da na gaske, har da rubutu! Na bar wa Alu katakansa na rungumo takalmina.

Inna ta dube shi ta dube ni. "Turmi ka sawo muna, ko mi?"

Na ce ita ba ta san zamani ba.

Ranar tafiya na saka shadda da babbar riga, na zura ƙafa. Maɓallan sun yi tsatsa sun ƙi rufuwa, sai abokina Bello ya samo dutse ya buga su ɗaya bayan ɗaya har suka kama. Da na miƙe na gane idon sawuna ba ya motsi ko kaɗan, kuma takalmin tura ni yake yi gaba, gwiwa a lanƙwashe, kamar mai shirin ɗaukar buhun gero. Canza giyar babur ma ya gagara, dole Bello ya ja na hau baya. Kuma bazara ce, ka san zafin ƙasarmu. Kafin mu kai rabin hanya na ji ƙafafuna suna dahuwa a ciki. (Na gaya wa kaina haka kayan tsada suke da farko.)

A ƙofar zauren Malam takalma ne jere, kowa ya tuɓe nasa. Na sunkuya na ja maɓalli. Ko gezau. Bello ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Ko gezau. Daga ciki muka ji murya: "Ku shigo mana."

Haka na shiga zauren malami da takalmi, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kowane taku ana jinsa har bakin titi. Malam na zaune kan buzu, ƙanensa Malam Ƙarami na gefe, da dattawan unguwa. Na zo durƙusawa, takalmi ya ce bai san wannan ba. Na yi gaba na dafa ƙasa da hannu biyu, hulata ta gangara har gaban Malam. A haka na yi gaisuwar, da ƙafa huɗu.

Malam ya ɗauki hular ya kakkaɓe ya miƙo mini, fuskarsa ba alamar dariya. Wallahi da ya yi dariyar ma da na fi samun sauƙi. Zuciyata ta ce shi ke nan, Luba ta tafi.

Ana cikin haka aka kira la'asar, aka kawo butoci. Kowa ya yi alwala, ni na yi tawa har na iso ƙafa na tsaya ina kallon buta.

"Ba ya fita ne?" in ji Malam.

"Ya ɗan ƙi, Allah gafarta Malam."

Sai Malam Ƙarami ya gyara zama, idonsa ya yi haske. Ashe mas'ala na kawo musu har gida. Ya ce ai shari'a ta yarda mutum ya yi shafa a kan huffi, wato safar fata, ba sai ya cire ba, in dai sharuɗɗa sun cika. Saura a duba ko wannan abu huffi ne.

"Ina aka yi shi?"

Nan na ɗan samu ƙarfi. "Italiya!"

"To. Fatar mi?"

Na sunkuya ina neman wani rubutun a jikinsa. Wani dattijo ya matso ya ƙwanƙwasa shi da 'yar sandarsa, ya ce wannan roba ce irin ta bokiti. Wani ya ce a'a, wataƙila fatar tana daga ciki, kuma wa ya san dabbar da mutanen can ke fiɗa, wa ya san wanda ya yanka ta? Aka ɗaga ƙafata ana juya ta kamar ana tayin rago. Aka yarda dai ya rufe idon sawu, har ya zarce.

Sai Malam da kansa ya ce, "Yaro, don mi ka sa shi? Sanyi kake ji?"

Gumi na zuba daga haɓata. "A'a."

"Ƙaya kake tsoro? Ko kunama?"

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, don kunamar Anka ba ta da kirki, kowa zai yarda. Amma idon mutumin nan bai bar ni ba.

"Don ado ne, Allah gafarta Malam. Don in burge ku."

Wani dattijo ya yi tari mai kama da dariya. Malam Ƙarami ya ce wanda ya sa don ƙawa ba shi da sauƙin shafa, amma tunda an fara bincike a ƙarasa shi. Saura sharaɗin a iya tafiya da shi kamar kowane takalmi. "Tashi ka taka mu gani."

Na tashi na taka, daga ƙofar zaure zuwa gindin darbejiya, babbar riga na jan ƙasa, gwiwa a lanƙwashe, hannuwa a buɗe don kada in kife. Ta saman katanga ina hango ɗankwalaye, ina jin ana toshe baki. Da na juyo na ce bari in nuna musu ana iya sauri da shi, na buga ƙafar dama da ƙarfi.

Ɓas!

Ashe robar ta tsufa tun a ƙasarsu, rana kuma ta ƙarasa ta. Takalmin ya dare gida biyu kamar ƙwarya, ƙafata ta fito tsirara, fara fat, duk ta yamutse. Warin da ya biyo baya kuwa, Malam Ƙarami da kansa sai da ya ja da baya.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam. "Ƙafar dama ta fita daga saɓanin malamai. Saura hagu." Ya ɗaga kai ya dubi rana. "Lokaci na tafiya. Ɗan Italiya, ko la'asar?"

"A fasa shi," na ce.

Aka aika cikin gida a kawo taɓarya. Da saƙon ya isa, dariyar da matan gidan suka daɗe suna dannewa ta ɓalle gaba ɗaya, kuma na tsinci muryar Luba a ciki sarai. Bello ya karɓi taɓarya (har yau ina zargin ya ji daɗin aikin nan fiye da kima), na miƙa ƙafa na runtse ido ina salati, ya daka har sai da ta fito.

Na sake alwala, na bi sahu da kumburarrun ƙafafu. Bayan an sallame na zauna kaina a ƙasa, ina jiran a ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Malam ya gama lazimi, ya juyo. "Wauta kam kana da ita, wanga ba saɓani a kai. Amma na buɗe maka ƙofar ƙarya har sau biyu ba ka shiga ba. Wauta tana raguwa da shekaru. Ka turo magabatanka."

Da silifan alwalar Malam na koma Anka, ɗaya shuɗi ɗaya kore.

Luba tana cikin ɗaki yanzu haka da nake wannan rubutu. Duk ranar da talabijin ya nuno Turawan nan suna zamiya a kan dutse suna juyi a sama, sai ta ƙwala wa yara kira su zo su ga 'yan ƙungiyar babansu. Ni kuwa abin da na koya bai da yawa: ko a Makka aka ƙera abu, in dai ba zan iya tuɓe shi da hannuna a ƙofar zauren mutane ba, a bar wa mai gwanjo kayansa.