Jirgin da Na Saya a Gwanjo

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ɗora aikin ƙanen matata a kan sikeli, na kusa sayar da shi a farashin ruɓaɓɓen ƙarfe. Ga abin da ke kan sikelin: shekara tara da Bashir ya yi yana tuƙa jirgin sama, da lasisin da sai da mahaifinsu ya sayar da gonarsa ta Tsafe aka yi karatunsa, da matsayinsa na biyu a layin matuƙan da kamfaninsu zai mayar bakin aiki. Da bakina na kusa kifar da su duka, kuma a lokacin gani nake dabara nake yi.

Ni ɗan gwangwan ne. Da kura na fara yawon sayen tsofaffin ƙarafa a Tudun Wada, har Allah ya kai ni ga fili mai katanga a kan hanyar Bungudu. Ban yi boko mai nisa ba, amma ba a cika yi mini wayo a ciniki ba. (Aƙalla haka nake gaya wa kaina.)

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, ana tsakiyar wahalar man fetur. Ƙaramin kamfanin da Bashir ke wa aiki ya sayar da rabin jiragensa, ya ce matuƙa su koma gida ba albashi. Ba kora ba ce, in ji shi. Ƙa'idar ita ce, in aiki ya dawo za a riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya riga shiga kamfani shi ne gaba. Amma wanda aka kira sai likita ya tabbatar da lafiyar jikinsa da ta ƙwaƙwalwarsa, sannan babban matuƙi ya gwada hannunsa. In ya gaza, na bayansa ya hau kujerar. Bashir ya yi mini wannan bayani muna cin tuwo, na ce to, amma hankalina yana kan miya.

Da hayar Legas ta gagare shi ya dawo gidana, na ɗora shi a kan aikin sikeli. Wasan da ke tsakanin mutum da ƙanen matarsa kuwa ban raga masa ba. Kullum sai na ce direban sama ya sauko yana auna ƙusa. Shi kuma ya ce, "Yaya Alhaji, ka dai yi a hankali, ranar da za ka shiga jirgina sai na zaunar da kai kusa da bayan gida."

Ana cikin haka na sayi gawar wani ƙaramin jirgi a gwanjo. Ya yi shekaru a yashe, an cire injinansa, an kwance fukafukan. Aka ɗoro shi a tirela, muka ajiye shi a ƙuryar filina. Lissafina mai sauƙi ne: alminiyam ne zalla, masu zubin tukwane na Tsafe sun riga sun yi mini magana.

Baba Nomau maigadi, mutumin Nahuce, shi ya fara ja na gefe. Tsoho ne da ba ya tsoron ɓarawo, amma ran nan sai waige-waige yake.

"Alhaji, wanga jirgi ba shi kaɗai ya zo ba."

Na ce me ya gani? Ya ce kullum in rana ta take, ma'aikata sun tafi cin abinci, wutsiyar jirgin takan motsa, dama da hagu, ko da ganye ɗaya ba ya kaɗawa. Kuma ana magana a ciki. Na yi masa dariya, na ce ya rage cin goro.

Washegari da tsakar rana na koma filin ni kaɗai, wai don na ƙaryata shi. Wurin tsit, irin shirun da har kunne ke yi wa mutum kuka. Inuwata ta shige ƙarƙashin ƙafafuna. Ina tsaye sai na ji ƙiii, a hankali. Na ɗaga kai. Wutsiyar ta juya dama, ta tsaya, ta dawo hagu. Babu iska ko kaɗan. Sai wata murya ta fito daga cikin jirgin, ta dattijo, mai kauri, kamar daga cikin rijiya. Turanci take, a gutsure a gutsure. In ta yi shiru sai wata ta amsa. Ta biyun na san ta. Bashir ne.

Na lallaɓa na taka wata tsohuwar taya na leƙa. Yana zaune a kujerar hagu, gumi ya jiƙe masa riga, idanunsa a rufe. Kujerar dama ba kowa. Hannunsa yana kai wa ramukan da aka cire agogunan jirgin, yana murɗa abin da babu, yana danna abin da babu. A kan ramukan an manna takardu masu zanen da'ira da lambobi, kai ka ce hatimi. Dattijon ya sake magana, da ƙarfi wannan karon, sai na ga Bashir ya dafe sitiyarin, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana karkata jiki kamar mai kokawa da wani abu. Ban san lokacin da na sauka daga tayar ba. Takalmina ɗaya sai la'asar Baba Nomau ya kawo mini.

Abin da ya kamata na yi kowa ya sani. Kwano ɗaya muke ci da yaron nan, sai na tambaye shi. Amma ai ba a tunkarar mai iska kai tsaye, haka muka tashi muka ji. Na gaya wa matata Hajiya, ta yi ta kuka, ta ce dama ta ga ya rage magana. Ta gaya wa ƙanwarta don a taya mu addu'a, ita kuma ta gaya wa Gusau. Ni kuwa na tafi Rawayya wajen wani malami, na kai masa rago, muka sa ranar Alhamis da tsakar rana, ya ce na tanadi ƙarti huɗu da igiya, don irin waɗannan ba su fita da lalama.

Alhamis da hantsi ina shagona sai ga mota ta tsaya. Wani dattijo fes da shi ya fito, direbansa na biye. Ya ce sunansa Kyaftin Bitrus, shi ne babban matuƙin kamfanin su Bashir. Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ya ce sun yi ta buga wayar shagona ba ta shiga, shi ya sa da hanya ta biyo da shi ya tsaya. Na farko a layi ya tafi ƙasar waje, don haka kujera ta faɗo kan Bashir.

A nan ne ɗan kasuwar da ke cikina ya farka. Na ce a raina, kamfani ne ya zaunar da yaro har ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, ga kamfanin ya kawo kansa har shagona, wa zai biya kuɗin magani in ba su ba? Kuma na san ƙa'idar neman diyya: ba ka rage ɓarna, ƙara mata gishiri kake yi. Na gyara zama, na ɓata fuska.

"Ranka ya daɗe, kun makara. Yaron nan kun haukata shi."

Na zayyana masa komai, har da abin da ban gani ba. Na ce yana magana da mutanen ɓoye, ba ya barci, ya taɓa bin wani da gudu. (Akuya ya kora daga kan sikeli.) Kyaftin Bitrus bai katse ni ba. Da na gama ya dubi direbansa, ya dube ni, ya ce a kai shi ya gani.

Muka isa filin rana na tsaka. Malam ya riga mu, yana bayan tulin ƙarafa da kaskon hayaki, ƙartina huɗu na tsugune da igiya. Na yi musu alama su dakata. Wutsiyar ta yi kukanta, ta juya. Sai muryar dattijon ta taso.

Ina kallon fuskar Kyaftin Bitrus. Tsayawa ya yi cak, kamar an kira sunansa a maƙabarta. Ya cire hularsa a hankali ya riƙe a ƙirji. Wani ɓangare na zuciyata murna yake, shaida ta tabbata. Na raɗa masa, "Ka ji ko?"

Ya ce, "Na ji. Na san mai muryar. Ni na ɗauki gawarsa."

Ɗaya daga cikin ƙartin ya ajiye igiya ya bi ta katanga.

Kyaftin ya wuce ni. Ya taka ya shiga jirgin, ya zauna a kujerar da ba kowa. Na ji ƙas, muryar dattijon ta ɗauke. Sai muryar Kyaftin Bitrus ta ci gaba daga daidai inda waccan ta tsaya, Bashir yana amsawa. Manyan mutane biyu, cikin jirgin da ba inji ba fukafuki, kaji na kiwo a ƙarƙashinsa. Malam ya matso kusa da ni ya ce, "Alhaji, ya kama baƙon ma. Aikin ya zama na rago biyu."

Sun ɗauki lokaci kafin su sauko. Bashir ne a gaba, yana dariya, da ƙaramar rikoda a hannunsa, wadda take ƙarƙashin kujera inda idona bai kai ba. Sai ya gan mu. Ya dubi kaskon, ya dubi malam, ya dubi ƙartin.

"Yaya Alhaji, igiyar nan ta mece ce?"

Na ce ta ɗaure fukafukai ce. Ba wanda ya taimake ni da ko tari.

Kyaftin Bitrus ne ya yi mini bayani, a natse, yadda ake yi wa yaro. Matuƙin da ya daɗe a ƙasa hannunsa yakan manta. Akwai na'urar da ake biya a yi atisaye a cikinta, amma wanda ba shi da albashi ina zai samu? Sai ya zauna ya rufe ido, ya bi tafiyar daga tashi har sauka, har da abin da zai yi in inji ya mutu a sama. Takardun zanen agogunan jirginsu ne. Wutsiya kuwa ƙafarsa ke motsa ta. Muryar dattijon kuma kaset ne da malaminsu na tuƙi ya ɗaukar wa ɗalibansa kafin ya rasu. Tsakar rana kuma Bashir ya zaɓa don kada na gan shi na sami abin tsokana.

Na washe baki na ce to alhamdu lillahi, ashe lafiya lau, a ba shi kujerarsa. Kyaftin ya mayar da hularsa.

"Hannunsa na nan, Alhaji, na gani. Amma da a bakin kasuwa na ji maganar nan da na zubar. Mai gidan da yake zaune ne ya faɗa mini, a gaban direban kamfani. Rayukan mutane muke ɗauka. Ba ni da ikon na ce ban ji ba."

Ma'ana sai likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi ya rubuta, jirgi kuwa ba zai jira ba. Na bi shi har mota ina rantsuwa ƙarya na yi, kuɗi nake nema. Ya ce to wanne zai rubuta, mai gidansa ya ce yana da iska, ko mai gidansa maƙaryaci ne? Na ce na biyun. Ya ce duka zai rubuta.

Bashir bai yi mini faɗa ba. Da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dai daina tsokanata, ya koma gaishe ni da ladabi irin na baƙo. Na uku a layi ya hau kujerar. Likita ya wanke shi, Kyaftin Bitrus ya tsaya aka bar masa matsayinsa, amma sai bayan damina aka sake kira.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ƙarfen kwabo ba na yi masa kuɗi sai na ƙwanƙwasa na ji ƙararsa, amma mutumin da muke kwana gida ɗaya na yanke masa farashi daga leƙe ta taga.

Ga yadda cinikin ya tashi. Bashir ya yi asarar albashin damina guda. Rago ya tafi, don malam ya ce aikinsa ya ci tunda ga yaro ya warke. Mutanen Tsafe suka janye, suka ce ba macen da za ta dafa wa 'ya'yanta tuwo a tukunyar da aka zuba da jirgin aljanu, labarin da daga gidana ya fita. Riba kuwa guda ce, kuma ba tawa ba ce: yaron ya koma sama duk da taimakon da na yi masa.