Hancin Mai Girma da Kwatar Ganou

Jama'a, jiya takaici ya kusa kashe ni, kuma da hannunmu muka jawo shi.

Kwatar layinmu a unguwar Ganou ta toshe tun bara. Warinta ya kori masu sayen wainar maƙwabciyata Hamsatou, har ta rantse in ba a yashe kwatar ba za ta ɗauki tandarta ta koma Djougou wurin danginta. Ni kuwa da wainar nan nake karyawa, shi ya sa na shige gaba wajen kai kuka ga hukuma. Muka yi sa'a wani Mai Girma, Garkuwan Tsafta, ya yarda zai zo ya shinshina da hancinsa mai albarka.

To, mu jikokin fataken goro ne, ba mu iya tarbar baƙo haka kawai ba. Tun da safe mata suka share layi, suka jera kasaken turaren wuta a bakin kwatar, Hassoumi mai nama ya kafa tsire. Mai Girma ya sauko daga mota jiya da hantsi, ya ja numfashi, ya lumshe ido.

"Madalla! Warin nan bai kai seuil ba," in ji shi. Ya ci tsire, ya yi gaba.

Na ruga wurin Malam Nouhou, tsohon malamin makaranta, na ce, "Malam, mene ne kuma seuil?"

"Kalmar Faransanci ce, ta masu nazarin halin ɗan Adam. Mafi ƙanƙantar wari ko ƙara da mutum zai iya ji. Ƙasa da nan, abin yana nan amma ba ka san da shi ba. Kamar gishiri a miya: sai an yi ta ƙarawa kafin harshe ya shaida."

"Na kowa ɗaya ne?"

"Ina! Kuma in ƙamshi mai ƙarfi ya danne, sai ya daɗa hawa."

Wato seuil na manya da ma a saman bene yake, mu kuma da turarenmu muka ƙara masa hawa ɗaya!

Da yamma na tara 'yan layi, na ce a sake gayyato shi, amma ban da turare. Hassoumi ya riƙe baki.

"Haba Alhaji! Babban mutum ya tarar da mu cikin wari? Ai sai a yi da mu a gari."

Kowa ya gyaɗa kai. Hamsatou ma, tana ɗora tandarta a mota yau da safe tana share hawaye, cewa ta yi in zai dawo mu aika mata: akwai turare mai kyau a Djougou.