Rasuwar Ɗan Fari, Keken Jama'ar Dutsin-Ma

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kai a sunkuye, Malam Atiku tela, shugaban Kwamitin Kekunan Jama'a, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Dutsin-Ma da Kurfi da ƙauyukan kewaye rasuwar baƙin keken nan da aka fi sani da Ɗan Fari. An iske shi ya cika a ɗakin bayan gidan shugaban, cikin daminar bana ta 1985. Ba wanda ya san ranar da rai ya yi halinsa, don babu kowa a kansa.

Asalin marigayin shawara ce. Simeon, malamin asibitin da aiki ya kawo shi garin nan, shi ya gaji da ganin mutanen ƙauye suna iso masa da kumburarrun ƙafafu. Ya ce me zai hana gari ya mallaki kekuna, mai buƙata ya ɗauka a kan abin da ya sawwaƙa, in ya gama ya maido? Aka yi ta zama a shagon Malam Atiku, a tashi baram-baram, a sake zama. Da kaka ta yi aka kafa gidauniya. Manoman Shema suka kawo dammunan gero, Malama Justina ta zagaya da faranti a majami'arsu, matan gida suka aiko da ribar ƙuliƙuli, ƙaramar hukuma ta ba da rumfa kusa da tasha. Keken farko da aka sauko da shi daga motar Kano a 1978, Malam Atiku ne ya kwance masa takarda da hannunsa, shi ya raɗa masa suna.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya zaɓen mahayi. Ya kai wasu masallacin Juma'a, ya kai wasu majami'a ran Lahadi. Ya ɗauki akwatin allurar rigakafi zuwa Rawayau cikin yashi, bai taɓa kayar da tsoho ba. Ƙararrawarsa in ta ce ƙiririn, ƙiririn, awakin kasuwa ma sun san ta. In tudu ya yi masa yawa yakan ce ƙyak, ƙyak a hankali, iyakar ƙorafinsa ke nan.

Sai ƙannensa, kekunan da aka sayo bayansa, suka fara tafiya. Wani mota ta take shi, wani ruwan rafi ya cinye shi, wani aka hau shi ba a dawo ba. Tsoro ya kama Malam Atiku. Bara da rani ya tura Ɗan Fari gida, wai ya huta kwana biyu. Ya shafe shi da mai, ya rufa masa tabarma, ya ja ƙofa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce yana jinya, alhali lafiyarsa lau.

Wata ranar kasuwa Ya'u, wani manomi daga Barkiya, ya zo shagon gumi na zuba, riƙe da ƙullin maganin mahaifiyarsa. Motar Kurfi ta tashi, kekunan rumfa duk sun fita.

"Malam, ka taimake ni da Ɗan Fari. Na baro Inna jiki ya yi tsanani."

Malam Atiku ya tuna ramukan hanyar Barkiya. Bai ɗago daga ɗinkinsa ba ya ce, "Ai ba ya da lafiya, Ya'u."

"Ayya. Allah Ya ba shi lafiya."

Ya'u ya kama hanya a ƙasa. Kafin ya isa har an rufe tsohuwar. Malamai sun ce kwana in ya ƙare ba keken da ke ƙara shi, Malam Atiku kuma bai musa ba. Amma ya san da keke da ɗan ya sami ganin mahaifiyarsa. Bayan sadakar arba'in Ya'u ya biyo ta shagon, ya durƙusa ya gaida shi, sannan ya ce, "Malam, ya mai jiki?"

Tun daga ranar Malam Atiku bai sake iya buɗe ɗakin nan ba. Mai ɗakinsa Lauratu ta sha ce masa, "Malam, rufin baya fa yana yoyo," sai ya ce to, ya fice.

Makon jiya dattawan Kurfi suka zo. Suna shirin tasu gidauniyar, suna so su ga keken da aka fara da shi kafin su roƙi jama'arsu. Ba yadda Malam Atiku zai yi, ya shige gaba da makulli. Aka ɗaga tabarma, ta biyo hannu a ruɓe. Gara ta cinye sirdin, tsatsa ta kama sarƙa ta zama sanda, tayoyin sun tsattsage. Audi mai faci, wanda ya yi wa marigayin hidima tun yana sabo, ya taɓa ƙararrawar. Ba ta ce komai ba. Baƙin suka yi sallama, suka ce sai sun ƙara shawara. Simeon bai yi faɗa ba, ya dai tsaya yana kallon ƙasa, kuma wannan ya fi yi wa shugaban ciwo.

Marigayin ya rasu ya bar ƙanne uku a rumfa, dukansu suna ɗingishi, da famfo guda, da ɗimbin mutanen da suka haɗa gero da gumi aka sayo shi.

Za a fito da gawar ranar Asabar da hantsi daga gidan Malam Atiku. Tunda ba a yi wa ƙarfe salla, kai tsaye za a wuce wurin Audi ya cire abin da zai amfani ƙannen, sauran a kai maƙera. Shugaban ya nemi a bar shi ya ɗauka a kafaɗa shi kaɗai, ta tsakiyar kasuwa. Za a zauna a rumfa bayan la'asar, inda zai miƙa makullai, kwamiti ya zaɓi wani. Ya ce kada kowa ya yi masa gaisuwa, jama'ar gari ne masu rashi.

Roƙonsa na ƙarshe ga duk wanda ya karanta wannan sanarwa: kada a kai wannan labari Barkiya. Ya ce daga bakinsa yake so Ya'u ya ji. Ya sha sa ranar tafiya yana ɗagawa. Yanzu ya ce Lahadi, in Allah Ya kai mu.