Ranar da Na Yi wa Kwamiti Tayi

Jama'a, ranar Asabar ɗin nan da ta wuce na kai matata cin abinci a waje, karo na farko cikin shekara ashirin da huɗu da aurenmu, kuma na dawo gida da yunwa. Ba aljihuna aka yanka ba, ba abincin ne ya ƙone ba. Bakina ne ya ja mini, dama an ce baki shi ke yanka wuya.

Bari in faro muku daga tushe. Wata safiya Naja'atu, uwar 'ya'yana, tana tsugune a bakin rariya tana kankare ƙanzon tukunya, ni kuwa ina kishingiɗe a tabarma, rediyo na karanto mana alkawuran da aka ɗaukar mana a wannan makon. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Baban Kabiru, ni fa burina ɗaya ne a duniyar nan."

Na ce, "Makka?"

Ta ce, "Wannan na wurin Allah ne. Wanda nake nufi na wurinka ne. In zauna a kujera, a kawo mini abincin da ba ni na dafa ba, in ci, in wanke hannuna kaɗai, in tashi in bar kwanon a inda yake."

Na yi dariya, na ce haba, ai an taɓa yi mata haka.

Ta ce, "Ƙwarai kuwa, sau biyar. A gadon asibiti, duk ranar da na haihu."

Na rage muryar rediyo. Ni da nake cika muku shafin jarida duk mako da zancen waɗanda ba sa cika alkawari, ashe akwai talaka guda a ƙarƙashin mulkina da ko alkawarin ban taɓa yi mata ba. Nan take na ɗauka, har da ɗaga yatsa sama kamar mai neman ƙuri'a.

Na je neman shawara wurin maƙwabcina Natan, mai gyaran janareta, wanda shi kaɗai ne a layinmu yake yi wa masu kula da wutar lantarki addu'ar tsawon rai. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Malam, kada ka kai ta inda ake ba mutum wuƙa da cokali mai yatsu, za ku ji kunya ku biyu. Kai ta Sabon Gari wurin Zipora, Maman Vera. Ranar Asabar take farfesun kifi, ɗanye, daga Loko, can bakin kogi, ake kawo mata. Kifi ne kuma, balle ka tsaya tambayar wa ya yanka. Amma ka je da wuri, ba ya kai la'asar."

Da wuri? Tun da aka sallame asuba na kafa babur ɗina a layin mai. Sai sha ɗaya da rabi na samu abin da zai kai mu daga unguwarmu ta Yara ya dawo da mu, in ba a haɗu da iska mai ƙarfi ba. An ce mana man yana nan birjik, masu sha ne suka yi yawa. Allah ya saka wa manyanmu, da ba su bayyana ba, da sai mu ɗauka babu ne.

Muka yi azahar muka kama hanya. Naja'atu ta sha atamfar sallar bara, ta ɗaura ɗankwali irin na zuwa biki.

Wurin Maman Vera ba shi da girma. Tebur huɗu ne, kowanne da ledarsa mai zanen furanni, fanka ɗaya mai aiki da hasken rana, da kalandar shekara uku da suka wuce wadda aka bari don hoton ya yi kyau. Ƙamshin daddawa da citta ne ke tarbar mutum tun daga titi. Kafin ka shiga dai sai ka haye katako biyu da aka gitta a kan kwata, domin kwalbatin wurin sau uku ana aza masa harsashi. Allunan tunawa da bikin suna nan a jere, su uku, kamar kaburburan dangi ɗaya.

"Amarya da ango, sannunku da zuwa!" in ji Maman Vera. "Kun taki sa'a, kwano biyu ya rage."

Ta kawo ruwa a buta da roba, ta zuba wa Naja'atu ta wanke hannu. Da ta fito da tire, sai kawai na ga matata ta zabura ta miƙe za ta karɓa. Na jawo gefen mayafinta na ce, "Zauna, Hajiya, yau ke gwamnati ce." Ta zauna tana dariya a tafin hannu. Ga sakwara fara sol tana tururi, ga kifi yana ninƙaya cikin romo. Ta gutsiri loma, ta mulmula, ta kai bakin kwano.

Sai jiniya.

Manyan motoci uku baƙaƙe suka tsaya a bakin kwata. Ba wanda ya kashe inji, don kada sanyin ciki ya huce kafin a fito. Na dubi hayaƙin da ke fita, na lissafa cewa layin da na bi tun asuba ya ƙone kafin a gama buɗe ƙofofi. Maman Vera ta leƙa ta labule, na ji ta ce a hankali, "Yesu, yau ma?"

Mai Girma Shugaban Kwamitin Musamman na Duba Lafiyar Tukwane da Ludayi ne da kansa, Allah ya ja zamaninsa, ya ƙara wa babbar rigarsa faɗi. A bayansa akwai Sakatare, da Mataimaki na Musamman kan Harkokin Miya, da mai ɗaukar hoto, da mai riƙe jaka, da mai riƙe wayar mai riƙe jaka, da wasu uku da ban gane aikinsu ba, ina jin su ma haka. Mutum tara a ɗaki mai tebur huɗu.

To, a nan ne na yi abin da uwata ta koya mini. Mai Girma ya zo wucewa ta gefen teburinmu, idonmu ya haɗu, ga abinci a gabana. Me ɗan halas zai ce? Na ɗan rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, bismillah."

Ku shaida, jama'a. Tun da aka kafa garin nan kowa ya san tayi ba gayyata ba ne. Kai ka ce bismillah, shi ya ce alhamdulillahi, a ci lafiya, kowa ya tsira da mutuncinsa. Mai goro na yi, mai rake na yi, har mai ƙwayar gyaɗa uku a tafin hannu yana yi, kuma ba a taɓa jin an karɓe masa ba. Abin da ban sani ba shi ne, akwai mutanen da duk abin da talaka ya miƙo, ko da baki ne, a wurinsu haraji ne.

Mai Girma ya tsaya cak. Ya ce, "Kun ga talaka mai tarbiyya! Dama aikin da ya kawo mu ke nan, mu ɗanɗana abin da jama'a ke ci, don kare lafiyarsu." Ya jawo kujera. Sannan ya waiwaya ya ce, "Sakatare, ku matso, Malam ya yi mana tayi."

Mana. Ni dai na san mutum ɗaya na yi wa magana.

Naja'atu ta dubi maza tara sun kewaye tebur suna naɗe hannun riga. Ina matar da za ta buɗe baki ta ci abinci a tsakiyar baƙin maza? Ta ajiye lomar nan a gefen faranti, ta ja mayafi, ta juya fuska wajen kalanda.

An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Wannan miyar ba ƙazama ba ce, amma an yi mata maganin. Mai Girma ya fara da kwanona, don ya tabbatar, ya koma na Naja'atu.

"Sakatare, rubuta: gishiri ya ji."

"Ya ji, ranka ya daɗe," in ji Sakatare da cikakken baki. Bai rubuta ba, hannun rubutun yana cikin romo.

Mataimaki na Musamman ya tsotse ƙaya ya ce a ganinsa binciken bai kammala ba sai an gwada shinkafa da wake. Aka kawo. Aka gwada dafa-duka. Aka gwada zoɓo, kwalba tara, don kada a zalunci wata kwalba. Mai hoto ya ce, "Malam, ɗan yi murmushi mana, kamar kana jin daɗi."

Mai Girma ya dafa kafaɗata da hannun da bai wanke ba ya ce, "Malam, ƙofarmu a buɗe take. Kana da wani ƙorafi?"

Kun san ni a shafin nan. Kun san yadda nake ɓarin wuta. Ga kwalbati a ƙofa, ga layin mai, ga kifina a cikin cikinsa. Na buɗe baki, na ji kaina ina cewa, "Babu, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma." Ashe jarumtakata a bakin biro take, ko ƙofar gida ba ta rako ni ba.

Ana cikin haka Maman Vera ta zo ta tsaya kan Naja'atu ta ce, "Madam, don Allah zo ki taya ni a kicin, aiki ya fi ƙarfina."

Naja'atu ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi. Ta tashi ta bi ta bayan labule. Na ɗauko 'yar mutane tun daga Yara, da atamfar sallarta, na kawo ta wanke kwanukan hukuma. Ba tsuntsu ba tarko.

Minti arba'in na zauna ina sauraron jawabi kan muhimmancin wanke hannu kafin cin abinci, daga bakin mutumin da ke sakace da ƙayar kifina. A ƙarshe aka zaro takarda mai hatimi daga jaka, aka karanta da ƙarfi cewa kwamiti ya shiga kicin, ya duba lungu da saƙo, ya same shi tsaf. Ina zaune a wurin, ko inuwar ɗayansu ba ta haye labulen nan ba. Aka ɗaure sauran shinkafa a leda, wai na direbobi, na ga an sa a jakar Sakatare. Wajen fita, mai riƙe jaka ya taka katako ɗaya ya karye. Mai Girma ya duba ya ce wannan kwalbati lallai a aza masa harsashi.

Da ƙarar jiniya ta yi nisa, na tattara ɗan abin da ya rage mini na fuska, na ɗaga labule da niyyar ba da haƙuri.

Na tarar da Naja'atu a kan kujerar roba, an sa mata matashi a baya. Ga ɗan tebur a gabanta, ga sakwara sabon kirɓi, ga kan kifi ƙato da tsokar wuya a cikin kwano mai murfi, ga zoɓo yana raɓa. Maman Vera na tsaye tana yi mata fifita da murfin bokiti. Ko ɗigon ruwan wanke-wanke babu a atamfarta.

Na ce, "Maman Vera, ba kin ce kwano biyu ya rage ba?"

Ta ce, "Na sayarwa, Malam. Wannan nawa ne, kullum kan kifin nake ajiye wa bakina. Shekara nawa ina jin jiniya? Su gaban shago suke dubawa, ba sa son hayaƙi." Ta nuna Naja'atu da murfin bokiti. "Tun da na ga matar nan ta miƙe za ta karɓi tire, na san ba a taɓa yi mata hidima ba. Kai kuma ka zauna kana raba abincinta kamar na gadon babanka."

Na tsaya daga gefe ina kallon kan kifin nan, ina gyaran murya, irin ta mai tuna wa mutane al'ada. Naja'atu ta zare tsokar kumatu, ta tsoma a romo, ta ci a natse. Sannan ta ɗago ta ce, "Baban Kabiru, da na ce maka bismillah, amma yau na ga yadda abin ke ƙarewa."

Ta cinye tas. Aka zuba mata ruwa ta wanke hannunta kaɗai. Ta tashi, ta gyara mayafi, ta bar kwanon a inda yake. Na ga ta waiwaya ta dube shi sau ɗaya, kamar mai barin jariri a gidan maƙwabta, sannan ta fita.

Na juya zan bi ta, Maman Vera ta tare ƙofa, ta nuna mini tulin kwanukan mutum tara a cikin baho, ta miƙo mini soso.

"Malam, baƙin wa ne?"

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Na naɗe hannun riga. A nan na gano cewa manja ba ya fita da ruwan sanyi, ilimin da Naja'atu ta ce da na tambaya da ta ba ni kyauta tun shekara ashirin da huɗu.

Shekaranjiya Natan ya nuno mini hotona a wayarsa, ina murmushi a tsakiyar manya, an rubuta a ƙasa cewa talakawa sun yaba da aikin kwamiti. Ban musa ba. Takardar da suka bari ma gaskiya ta faɗa, kicin ɗin nan tsaf yake, ni ne shaida, hannuna har yanzu ƙarnin kifi yake yi. In akwai gurbin Mataimaki na Musamman kan Wanke-wanke, a tuna da masu ƙwarewa.

Ku kuma, in kun tarar da ni ina cin ko da rogo ne a bakin titi, kuka ga na yi shiru ina waige-waige, kada ku ce ba ni da tarbiyya. Tayin yana nan a bakina. Jira nake in tabbatar ba da jiniya kuka zo ba.