Kwanukan da Aka Aika wa Malam Barau

Ranar Talata, tara ga watan Rajab, bayan sallar la'asar, aka fara cutar Malam Barau, tsohon hedimastan da ya yi ritaya. Kafin wannan rana likita ya gargaɗe shi cewa in bai rage teɓa ba, hawan jini da ciwon suga suna nan tafe. Malam mutum ne mai bin doka, sai ya jingine babur ya koma tafiya a ƙasa, ya raba tuwonsa biyu, ya yi sallama da shayi mai madara. Cikin 'yan watanni wuya ya fito, riga ta fara lilo a jikinsa. Shi yana murna, unguwa kuwa tana jimami. A waccan Talatar ce Tanimu mai yadi, tsohon ɗalibinsa, ya miƙe a masallaci, Malam ba ya nan, ya ce wa jama'a malaminsu ya rame, ko ciwo ne ko fansho ne ya maƙale, kuma kowa ya san shi da zurfin ciki, don haka a taimaka. Tun daga nan kwanuka suka yi ta sallama: tuwon shinkafa da miyar taushe, funkaso, farfesun kayan ciki, dambun nama. Malam kuwa ya ƙare aikinsa yana zane yara a kan almubazzaranci, ga shi mayar da kyauta wulaƙanci ne, don haka duk kwanon da ya zo sai ya cinye. Kafin a ga watan azumi tumbi ya dawo har da 'yan rakiya, likita ya dubi sikeli ya dube shi ya girgiza kai. Da Malam ya gano tushen abin, bai zame ko'ina ba sai zauren mai unguwa, aka kirawo Tanimu.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam yana huci, "yaron nan ya mayar da ni abin tausayi a garin da na koyar da rabinsa karatu. Ban yi ciwo ba, ban roƙi kowa ba. Ramewa nake yi da gangan, da izinin likita!"

Tanimu ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, wa ya taɓa jin an rame da gangan? Na gan ka da tsakar rana kana tafiya a ƙasa kana zufa, na tsaya in ɗauke ka, ka kore ni. Na ce lallai abin ya yi tsanani."

"Motsa jiki ke nan, sakarai! Tun kana aji uku ba ka tambaya kafin ka buɗe baki." Malam ya dafa cikinsa ya juya wajen mai unguwa. "Dubi abin da ya jawo mini. Wahalar da na sha duk ta tafi a banza. Ba na neman komai sai ya tsaya a masallacin nan, a inda ya tsaya ran nan, ya ba ni haƙuri kowa yana ji, ya ce shi ya ɗora mini wannan tumbi."

Mai unguwa ya dubi Tanimu. "To, ka ji."

Tanimu ya ce, "Zan bayar, ranka ya daɗe, amma rabi. Kwanukan namu ne, hannun kuwa na Malam ne."